Kafin Kuɗi Su Isa Gida: Su Wa Ke Tsara Abin Da Ke Fuskar Waya?

SHEKARA 40 da suka wuce, idan ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Anacha yana son aika wa iyalinsa kuɗin cefane, hanyoyinsa ba su da yawa. Ko dai ya ƙulle kuɗin cikin ambulan ya danƙa wa direban babbar mota wanda ya amince da shi, ko ya jira wani ɗan garinsu mai shirin tafiya gida, ko kuwa ya je gidan waya ya bi layi ya sayi takardar kuɗi. Kowace daga cikin hanyoyin nan tana cin kwanaki, wani lokaci ma har makonni. A yau kuwa mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 yana iya tura wa mahaifiyarsa kuɗi a Aliero tun shayin da ya saya bai huce ba.

To, amma wannan sauƙi ya zo da nasa haɗari. Direban da aka ba saƙo ya san gidan, ya san mai gidan, in ya ga an yi kuskuren suna zai tsaya ya tambaya. Ita kuwa waya ba ta tambayar kome sai abin da aka tsara mata ta tambaya. Duk abin da mutum ya gani a fuskarta, watau kalmar da aka rubuta, da girman madanni, da abin da ya zo farko da wanda ya zo ƙarshe, da yawan daƙiƙoƙin da za ta jira kafin ta yanke, wani ɗan Adam ne ya zauna a ofis ya yanke shawara a kansa. Idan ya yi tunanin mai dako da mai tura ruwa a lokacin da yake aikin, kuɗi su isa lafiya. Idan kuwa kansa da abokan karatunsa kaɗai ya tuna, to guminsu na mako guda yana iya faɗawa hannun wanda ba su taɓa gani ba.

Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, tana da malamanta da ƙa'idodinta. Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa biyu, UX, a Hausance kuwa ana iya kiranta tsara sauƙin amfani. Ya kamata mazauna Kudu su san yadda take, domin kuwa su ne suka fi kowa dogara da waya wajen riƙe zumunci da ciyar da gida.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Tushen sana'ar ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin saman Amurka sun yi ta asarar wani babban jirgin yaƙi mai suna B-17, ba a fagen daga ba, a filin sauka. Matuƙi zai dawo lafiya daga yaƙi, yana taɓa ƙasa sai ya janye ƙafafun jirgin da hannunsa, jirgi ya zube a kan cikinsa. Hukuma ta daɗe tana rubuta cewa sakacin matuƙa ne. Sai wani matashin masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba. Ya tarar madannin janye ƙafafu da madannin da ke sarrafa gefen fikafikai iri ɗaya ne sak, kuma suna maƙwabtaka da juna, har gajiyayyen mutum ba ya iya bambanta su. Maganin da ya kawo bai fi ƙarfin yaro ba: aka liƙa ɗan gare na roba a kan madannin ƙafafu, aka sa wa ɗayan wata siffa dabam, ta yadda hannu zai gane ko ido bai duba ba. Irin wannan haɗari ya ragu ƙwarai.

Darasin da aka ɗauka shi ne, idan mutane da yawa suna maimaita kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, to a binciki kayan aikin kafin a zargi mutanen. Wani shaihun malami Ba'amurke, Don Norman, ya faɗaɗa wannan magana cikin wani littafi da ya wallafa a 1988 game da kayan amfanin yau da kullum, irin su ƙofa da murhu da famfo. A 1993 ya kama aiki a kamfanin Apple, kuma daga can ne sunan sana'ar ya bazu cikin duniya.

YADDA SUKE BINCIKE

Mai wannan sana'a na ƙwarai ba ya fara zane sai ya fita ya ga mutane. Aikinsa na fari shi ne kallo: ya je kasuwa ko tasha ya zauna, ya ga yadda ake riƙe waya, da wanda ake miƙa wa ita ya karanta saƙo, da inda ake ajiye lambobi. Sa'an nan ya yi hira da mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙa'ida ita ce kada ya tambayi mutum abin da zai so nan gaba, ya tambaye shi yadda ya yi a karo na ƙarshe da ya aika kuɗi. Dalili kuwa shi ne mutum yakan faɗi abin da zai faranta wa baƙo rai, musamman baƙon da ya zo da takarda da alƙalami.

Bayan haka sai gwaji. Tun ba a kashe kuɗi wajen gina manhaja ba, akan zana fuskokinta a kan takarda ko a na'ura mai ƙwaƙwalwa, a ajiye gaban mutum, a ce masa ya gwada tura Naira 5,000 ga ɗan'uwansa, yana yi yana faɗin abin da ke ransa. Mai binciken ba ya taimaka masa, ba ya gyara masa, nasa ido ne da rubutu. Duk inda mutumin ya tsaya yana sosa ƙeya, nan ne gyara yake. Wani masani ɗan ƙasar Denmark, Jakob Nielsen, wanda suka kafa kamfani tare da Norman a 1998, ya bayyana a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum 5 kacal yana tona kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin da ke cikin tsari. Shawararsa ita ce a gwada da 5, a gyara, a sake gwadawa da waɗansu 5. Sai dai shi kansa ya yi togaciya: idan masu amfani da abin sun kasu kashi-kashi, tilas a gwada da kowane kashi. Watau gwaji da ma'aikatan banki 5 a tsibirin Victoria ba ya gaya wa kowa yadda mahauci a Agege zai ƙare.

Akwai kuma ƙidaya. Idan manhaja ta fita, ana iya ganin mutum nawa suka fara wani aiki, nawa suka kai ƙarshe, kuma a wane mataki aka fi gudu. Wani lokaci akan raba jama'a biyu, a nuna wa kowane ɓangare fuska dabam, a ga wadda ta fi tafiya. Ƙidaya tana nuna inda ake tuntuɓe, amma sai an koma wurin mutane ake sanin abin da ke kayar da su.

Gwamnatoci ma sun shiga. A watan Oktoba na 2012 ne Gwamnatin Ingila ta haɗe shafukanta na intanet wuri guda da sunan GOV.UK, kuma ƙa'idarta ta farko ita ce a fara da bukatar mai amfani kafin bukatar ma'aikata. An umurci masu rubutu su rubuta yadda ɗan shekara 9 zai iya karantawa, aka kuma shawarci kowane ma'aikacin da ke gina shafin ya riƙa zama na awa 2 cikin kowane mako 6 yana kallon talakawa suna fama da abin da ya gina.

DARASI DAGA KENYA

Babu labarin da ya fi dacewa da 'yan ci-rani kamar na M-Pesa ta ƙasar Kenya. A 2005 kamfanin Vodafone da na Safaricom, da tallafin Gwamnatin Ingila, suka fara gwajin wata hanya da masu karɓar ƙananan basussuka za su riƙa biya ta waya. An yi gwajin da mutane ɗari-ɗari a garin Thika da wata unguwar talakawa ta Nairobi. Da masu aikin, Nick Hughes da Susie Lonie, suka duba abin da ke gudana, sai suka ga jama'a sun karkatar da abin zuwa wata hanya dabam. Wani yana tura wa ɗan'uwansa kuɗi, wani yana zuba kuɗinsa a waya kafin ya hau mota don tsoron ɓarayi, ya cire idan ya sauka, wani kuma yana ajiye cinikin yini a ciki ya kwana.

Maimakon su ce mutane ba su gane ba, sai suka bi sawun mutanen. Suka ajiye zancen bashi, suka fito da M-Pesa a watan Maris na 2007 da talla guda mai sauƙi, wadda ke kiran ma'aikacin birni ya aika kuɗi gida. Ba a bukatar waya mai tsada, ba a bukatar asusun banki, wakilai kuwa masu shaguna ne da jama'a suka riga suka sani. Daga baya da ƙorafin tura kuɗi ga lambar da ba ita ba ya yi yawa, a 2015 kamfanin ya ƙara wani mataki mai suna Hakikisha, watau tabbatar a harshen Suwahili, inda sunan mai karɓa zai fito a ba mutum 'yan daƙiƙoƙi ya fasa in ya ga ba shi ba ne.

MAI TOCILA DA MAI LAYI BIYU

Wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, kuma duk wanda ya ga farkon zamanin zai tuna da Nokia mai tocila. Samfurin nan mai lamba 1100 ya fito a 2003, an kuma sayar da fiye da miliyan 200 a duniya. An yi ta ne da sanin cewa mai ita yana zaune inda wuta ba ta tsayawa kuma ƙura ta yi yawa, shi ya sa aka sa mata fitila a ka, aka rufe madannanta da roba guda, aka yi mata gefen da ba ya zamewa a hannu mai gumi. Kamfanin yana da masu bincike da ke yawo ƙasashe, kuma wanda ya fi suna cikinsu, Jan Chipchase, ya ba da labarin yadda ya tarar mutanen Uganda suna sayen katin waya a birni, su karanta lambar ga mai kiran waya na ƙauye, shi kuma ya ba iyalinsu tsabar kuɗi bayan ya cire ladansa. Mazauna Ikko da Fatakwal da yawa sun yi irin wannan dabara da kansu ba tare da kowa ya koya musu ba.

Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ta wannan hanya ya mamaye kasuwar Afirka bayan ya mai da hankali gare ta daga 2008. Mutanensa sun lura jama'a suna yawo da waya biyu ko uku saboda kira daga wannan layi zuwa wancan yana da tsada, kuma sabis ɗin da ke kamawa a birni ba lalle ya kama a ƙauye ba, sai suka yawaita waya mai cin layi biyu. Sun lura hoton baƙar fata yana fitowa duhu a wayoyin da aka gwada da fararen fata kaɗai, sai suka gyara na'urar ɗaukar hoton. Suka ƙara ƙarfin batir, suka kuma sa harsunan Afirka, har da Hausa.

WANDA BAI YI BOKO BA

Tambayar da ta fi shafar Arewa ita ce ta wanda ba ya karanta boko. Wata mai bincike 'yar ƙasar Indiya, Indrani Medhi, ta shafe shekaru tana aiki da mata 'yan aikatau a unguwannin talakawa na birnin Bangalore, ƙarƙashin cibiyar binciken kamfanin Microsoft. Abin da ta gano yana da amfani ga duk mai gina manhaja a ƙasar nan. Waɗanda ba su iya karatu ba, akasarinsu suna gane lambobi sarai. Zanen hannu mai nuna mutum yana aikata abu ya fi saurin fahimtuwa a kan alamomin da 'yan boko suka saba da su. Jerin zaɓi mai shiga cikin wani jerin, shi kuma cikin wani, yana ɓatar da mutane. Da aka gwada tura kuɗi ta hanyoyi uku, hanyar rubutu zalla ce ta zo ƙarshe, hoto haɗe da murya ya fi kai mutane ga gamawa, magana da murya kuwa ta fi sauri.

Ba sai an je Indiya ba kafin a ga gaskiyar wannan. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, tsohuwar da ba ta taɓa rubuta harafi ba take aika wa ɗanta gaisuwa da jerin bukatun gida, don kawai an mai da aikin ya zama danna wuri ɗaya a riƙe. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya sa ta a 2016. Amma kuwa har yanzu mafi yawan saƙonnin kuɗi da Turanci suke zuwa. Akwai kuma dubban mutane da suka yi karatun allo mai zurfi, suna karanta ajami tsaf, wanda har yau yana jikin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, amma da wuya su gan shi a fuskar waya. Irin wannan mutum ba jahili ba ne, mai tsarin ne bai yi lissafi da shi ba. Sakamakon kuwa shi ne ya miƙa wa wani wayarsa da lambarsa ta sirri, kuma daga nan ne yawancin cuta ke farawa.

ABIN DA AKA GYARA A GIDA, DA ABIN DA YA RAGE

Adalci ne a faɗi cewa an yi waɗansu abubuwa da kyau a Nijeriya. Lambar asusu mai alƙaluma 10 da aka fara aiki da ita a 2011, alƙalaminta na ƙarshe ma'auni ne da ake lissafowa daga sauran, saboda haka idan yatsa ya goce sau da yawa na'ura takan ƙi karɓa. A shekarar ce kuma aka kawo tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda ke nuna sunan mai asusu kafin kuɗi su fita. Sababbin kamfanoni irin su OPay da PalmPay sun mai da lambar wayar mutum lambar asusunsa, aka cire sifirin farko kawai, don haka babu sabuwar haddar da aka ɗora wa kowa. Hukumar JAMB, wadda ta mai da jarrabawarta kacokan kan na'ura a 2015, da ta ga yaran ƙauye suna fama da linzamin kwamfuta, sai a 2017 ta kawo tsarin madannai 8 da ɗalibi zai iya gama jarrabawa da su. A zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karanta yatsan Shugaba Goodluck Jonathan kansa a Otuoke, balle na manomi da birkila da aiki ya cinye wa zanen yatsa. Na'urar BVAS da ta gaje ta daga 2021 tana duba fuska idan yatsa ya ƙi.

Amma da sauran aiki. Lambobin nan masu farawa da tauraro, waɗanda masu ƙananan wayoyi ke dogara da su, sukan yanke idan mutum ya yi jinkiri, alhali mai karatu a hankali yana bukatar lokaci, ga shi kuma tun 2021 an sa musu cajin Naira 6.98. Wata matsalar ita ce ta suna. Fom yana neman sunan iyali irin na Turawa, Bahaushe kuwa sunansa da na mahaifinsa yake da su, wani ya ƙara da na garinsu. Sai ka ga magatakardan da ya yi masa BVN, wadda aka fara a 2014, ya rubuta Mohammed, na katin ɗan ƙasa ya rubuta Muhammadu, ko a juya sunan uba ya koma gaba. Da aka ba da umurnin haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa a Disamban 2020, daga baya kuma aka bukaci a haɗa asusun banki, mutane da yawa sun yi asarar kwanakin nema suna bin layin gyara, a kan laifin da fom ne ya jawo shi.

Babbar jarrabawa ta zo a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022. Tsabar kuɗi ta ɓace, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Cikin makonnin nan mai shayi da mai tsire da mai wankin takalmi duk sun koma taransifa ala tilas. Saƙo yakan tsaya a hanya ba a san ya tafi ko bai tafi ba, mai saye ya ce an cire masa, mai sayarwa ya ce bai ga alat ba, 'yan damfara kuma suka yi ta nuna saƙon ƙarya. Jama'a suka yi ƙaura zuwa manhajojin da ke gaya musu gaskiyar halin da kuɗinsu ke ciki nan take. Duk da haka, binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manyan ƙasar nan ba sa hulɗa da kowace irin harkar kuɗi ta ajiya ko aikawa, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 47.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka kuskure a fuskar na'ura na marasa ilmi ne kaɗai. A watan Agusta na 2020 ma'aikatan bankin Citibank na Amurka sun yi niyyar biyan kuɗin ruwa na kimanin Dala miliyan 8 a madadin kamfanin Revlon, sai suka tura kusan Dala miliyan 900. Mutum 3 ne suka duba aikin, dukansu ƙwararru, kuma dukansu sun ɗauka akwati ɗaya da suka cika ya isa, alhali manhajar tana bukatar a cika uku. Sai da aka kai 2022 ana shari'a kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba bankin gaskiya a kan sauran kuɗin da aka ƙi mayarwa.

MASU AMFANI DA ILMIN DON CUTA

Wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Wanda ya san inda ido ke faɗawa yana iya sa madannin amincewa ya zama ƙato mai launi, ya ɓoye na ƙi a lungu da ƙananan haruffa. Wani masani Bature, Harry Brignull, ya fara tattara irin waɗannan dabaru na yaudara a 2010. A nan gida an gan su a manhajojin ba da bashin gaggawa, waɗanda ke neman izinin shiga jerin lambobin mutum da dannawa ɗaya, ranar da ya kasa biya su aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin waɗansunsu a Ikko a watan Maris na 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane daga ƙarshen watan Mayu na 2023.

ABIN DA YA RAGE GA MAI WAYA

Kafin gyara ya iso, akwai abin da ke hannun kowa. Lamba ɗaya tana iya zama ta mutane biyu a bankuna dabam-dabam, saboda haka kada a danna aikawa sai an ga sunan mai karɓa, in mutum ba ya karatu a karanta masa da ƙarfi. Wanda ya karanta suna ba dole ne ya ga lambar sirri ba, mai waya ya karɓi abarsa ya danna da kansa. Mai sayarwa kada ya saki kaya don an nuna masa saƙo a wayar mai saye, ya duba abin da ya shiga nasa asusun. Idan an cire kuɗi ba su je ba, a kai ƙara banki a karɓi lambar ƙorafi. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ce a warware rikicin POS cikin awa 72, kuma bankin yana da sashen da ke sauraren waɗanda aka ƙi saurara. Ƙorafi ba ɓata lokaci ba ne, domin kamfanoni suna ƙirga shi, kuma abin da aka ƙirga shi ake gyarawa.

Idan masu bincike suka zo kasuwa, yana da kyau a saurare su a gaya musu gaskiya ba tare da kara ba, bayan sun bi ta hannun Sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa an tabbatar da ko su wane ne. Mai bincike na gaskiya ba zai taɓa neman lambar sirri ko BVN ko lambar da banki ya turo ba. Duk wanda ya nemi ɗaya daga ciki, ɓarawo ne.

Daga ƙarshe akwai magana ga matasan da suka tashi a Sabon Badun da Shagamu da Idi-Araba da Ama Hausa ta Owerri, waɗanda suka yi makaranta kuma suna jin Hausa da Turanci da Yarabanci ko Ibo. Bangaren bincike na wannan sana'a ya fi bukatar kunne da haƙuri da iya rubuta rahoto a kan ilmin injiniya, kamfanonin kuwa yawancinsu a Ikko suke. Yaron da ya san dalilin da ya sa mahaifinsa ke ɗaure kuɗin shanu a ƙugu, ya san kuma abin da zai sa ya yarda ya zuba su a waya, yana riƙe da sanin da masu ofis ke biyan kuɗi su nema. Muddin babu irinsa a teburin da ake yanke shawara, za a ci gaba da ɗinka wa mutanen Arewa riga ba tare da an auna su ba.